Saƙon Da Ya Kira Shi Baba

Shafi na 17

Injiniya ɓarawo ne. Na faɗa tun farko, wasunku suka cika min sharhi da cewa na faye zafi, wai bawan Allah abincin iyalinsa yake nema. To ku karanta wannan shafin tukuna. Mai haura katanga ya fi shi mutunci, domin shi bai san mai gidan ba. Injiniya kuwa surukinsa ya yi wa, tsohon da ya ba shi ’ya, tsohon da mantuwa ta fara cinye wa kai.

Auta, matar Injiniya, ba ta ce masa komai ba da safen nan. Ta haɗa masa abin kari, ta miƙa masa makullin mota, ya fita. Bai san cewa jiya katin bankin Baba, mahaifinta, ya ƙi biya a kantin magani ba. Bai san ta wuce banki ba, inda aka nuna mata cewa fanshon da tsohon ya tara a shekarun da ya yi yana jan babbar mota ya kusa ƙarewa, kuma duk wuri ɗaya yake zurarewa: asusun yaƙin neman zaɓen da mijinta yake wa aiki.

Ta bar Baba wurin maƙwabciya, ta ɗauki wayarsa, ta bar shagon ɗinkinta a rufe.

Ofishin yana hawa na biyu, saman wani shagon taya. Ɗaurin fosta jibge a gindin matakala, fuskar ɗan takara tana murmushi ta ko’ina, har a ƙasa inda ake takawa. Maigadi ya gane ta, ya washe baki.

“Matar Injiniya, kin zo duba ko da gaske aiki yake zuwa?”

Ta gaishe shi, ta ce Ma’aji take nema. Da ya dubi fuskarta sai ya mai da dariyarsa ciki, ya nuna mata ƙofar ƙarshe.

Sai da ta ratsa babban ɗakin. Mata jere a tebura, kowace da abin magana a kunne, suna kiran mutane suna godiya suna roƙo. A bango farin allo, an rubuta abin da ake son tarawa kafin ƙarshen mako, an ja layi biyu a ƙarƙashi. Kusa da allon an rataye ƙaramar ƙararrawa, duk sanda kuɗi mai kauri ya shigo sai wani ya miƙe ya kaɗa ta. Auta na wucewa aka kaɗa. Aka tafa.

Ma’aji mace ce mai shekaru, tsohuwar ma’aikaciyar banki, tabarau rataye a wuya. Ita ke sa hannu a duk rahoton da ake kai wa hukumar zaɓe, shi ya sa ba ta son a kawo mata abin da ba ta sani ba. Ta ba Auta kujera, ta tambayi yara, ta tambayi jikin tsoho.

Auta ta ajiye takardar banki a kan tebur, ta ɗora wayar Baba a kai.

“Hajiya, jikin tsoho ga shi nan.”

Ma’aji ta sa tabarau. Ta bi takardar da yatsa, ta juya shafi, ta sake juyawa. Sannan ta ce ai wannan gudummawa ce, ba sata ba, kowane layi da amincewar mai asusun. Ta ce akwai dattawa da yawa masu son ɗan takaran nan fiye da ’ya’yansu.

“Baba bai san ana zaɓe ba,” in ji Auta. “Bai san shekarar da muke ciki ba. Wani lokaci ni ma sai na gaya masa ko ni wace ce.”

Ta buɗe wayar, ta tura mata.

Saƙonnin sun cika fuskar wayar, ɗaya kan ɗaya. Ba sunan jam’iyya a sama, ba sunan ɗan takara, sai can ƙasa da ƙananan baƙi waɗanda idon tsoho ba zai kama ba. Duk farkonsu ɗaya.

Baba, ni ne. An ɗan matsa mana. Ka taimaka kafin rana ta faɗi. Ka amsa da Eh kawai.

A ƙarƙashin kowane, amsar Baba. Eh. Eh. Eh. A wasu wuraren ya ƙara da nasa, da rubutu mai cike da kurakurai: Ka ci abinci. Yaushe za ka zo. Ka kula da tarin nan.

Ma’aji ta ɗago.

“Da wa yake magana?”

“Da yayana. Dogo. Ya rasu tun kafin in yi aure.”

Auta ta yi mata bayani. Dogo ya yi karatu a nesa, kuma haka yake rubuto wa Baba idan kuɗi ya yanke masa, kalma da kalma. Ba ya cewa yana son kuɗi, kunya yake ji, sai ya ce an ɗan matsa musu. Har abin ya zama tsokana a gidan, idan sabulu ya ƙare sai wani ya ce an ɗan matsa mana. Tari ya kama Dogo a can, ya dawo gida, bai tashi ba. Da mantuwa ta zo wa Baba, sai ta ɗauke masa rasuwar ta bar masa yaron yana makaranta.

Mutum nawa suka san wannan maganar, Ma’aji ta tambaya.

’Yan gida, Auta ta ce. Da abokin Dogo guda ɗaya, wanda ɗakinsu ɗaya a makaranta, wanda ya ɗauki gawarsa, wanda daga baya ya zo neman aurenta Baba ya ce ai wannan ɗa ne, ba suruki ba.

Ma’aji ta cire tabarau. Ta ɗaga wayar tebur ta ce a turo mata Injiniya, ya zo da kwamfutarsa.

Ya shigo da fara’a, yana cewa Hajiya ta ga ƙararrawa yau ba ta huta ba. Sai ya ga matarsa. Sai ya ga wayar. Ya tsaya riƙe da ƙofa kamar wanda ya shigo ɗakin da ba nasa ba.

“Auta, me ya kawo ki nan? Wa kika bar wa Baba?”

“Yau ka tuna da shi?”

“Maganar gida ce wannan. Tashi mu je.”

“A gida aka yi ta? A nan aka yi ta.”

Ma’aji ta ce ya rufe ƙofa ya zauna, ya buɗe mata rumbun masu ba da gudummawa, ya juya fuskar kwamfutar yadda matarsa za ta gani.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Duk wanda ya taɓa ba su ko sisi, an buɗe masa layi. Sunansa, lambarsa, shekarunsa, unguwarsa. Nawa ya bayar, ranar da ya bayar, da wane saƙo ne ya sa ya bayar. Idan ka ƙi amsa saƙon da ke yabon ɗan takara amma ka amsa mai ba da tsoro, an rubuta, daga ranar nan, mai ba da tsoron za ka riƙa samu. Kuma da ka biya sau ɗaya, asusunka ya zauna a wurinsu, ba sai ka sake shigar da komai ba, kalma ɗaya ta isa. An raba mutane launi-launi. Fari, wanda ya bayar ya ɓace. Rawaya, wanda sai an lallaɓa. Ja, wanda ba ya cewa a’a.

Babu laifi a rubuta wanda ya ba ka da abin da ya bayar, doka ma ta ce a rubuta. Laifin yana wurin wanda ya mai da rubutun ya zama taswirar inda mutum yake da rauni.

Ma’aji ta ce ya nemo lambar tsohon.

Ya yi jinkiri. Ya ce kwamfutar tana nauyi. Ta ce ita ba ta sauri.

Layin ya fito. Ja ne. A gefe an sa shi a wani rukuni da aka kira Iyaye. Auta ta karanta komai a hankali, har ta kai wani gurbi da aka rubuta wa Lokacin da ya fi amsawa. Na sauran mutane, kwamfuta ce ke cikewa da kanta. Na Baba an cike da hannu, ga alamar wanda ya cike. An rubuta: bayan hantsi, kafin a taso yara daga makaranta. Banda ranar hutu.

Auta ta daɗe tana kallon wurin.

“Lokacin da nake shago ke nan.”

Ta ɗago ta dube shi.

“Ranar hutu ina gida.”

Sai ya fara magana, da yawa kuma da sauri. Ya ce ba ta san irin matsin da suke ciki ba. An ce masa idan mako ya ƙare allon can bai cika ba, akwai yara masu digiri a layi suna jiran kujerarsa. Ya ce saƙo ne kawai, kowane ofishi yana gwada kalmomi ya ga wanda ya fi kamawa, nasu na da ba ya kawo komai, shi kuwa ya tuna wata magana mai taushi ya sa. Ya ce dubban mutane ne suke samunsa, ba Baba kaɗai ba. Lambar Baba kuskure ce, ta shiga cikin tarin, ya yi niyyar cirewa ya manta. Idan an ci zaɓe akwai muƙami, zai mayar da komai ninki biyu, har ya kai tsohon babban asibiti.

Ma’aji tana sauraro, tana juya tabarau a hannu. Da ya kai kan kuskure sai hannunta ya tsaya.

“Kuskure ka ce?”

“Kuskure ne, Hajiya.”

“Ka tuna taron da muka yi ranar da ka kawo saƙon nan?”

Ya dubi ƙasa.

“Ni na tuna. A ɗakin can, gaban allo. Shugaban kamfe ya tambaye ka ka tabbata zai yi aiki. Me ka ce masa?”

“Hajiya, don Allah.”

Ta juya wurin Auta, domin da ita take.

“Cewa ya yi ya riga ya gwada. Ya ce akwai wani tsoho a gidansu. Ya ce yana zaune kusa da shi a falo ya tura, kafin ya gama shan ruwan da ke hannunsa tsohon ya amsa, har da hawaye. Ya kwaikwayi yadda tsohon yake neman tabarau.” Ta ajiye tabarau. “Aka yi dariya. Aka kaɗa masa ƙararrawa. Ni ma na yi dariya, ’yata. Ban tambayi ko tsohon wa ne ba.”

Ba na wanke Ma’aji. Wanda ya yi dariya ranar nan yana da nasa kason. Amma ita aƙalla ta faɗa da bakinta a gaban wadda aka cuta.

Auta ta tuna ranar. Ta fito daga kicin ta tarar da Baba yana share ido da bakin riga, yana cewa yaron nan ya rubuto. Mijinta yana kusa da shi da kofi a hannu. Ta tambaya me ya faru, ya ce mata tsufa ne, ta ƙyale shi.

“Ni na kawo maka ruwan,” ta ce.

Ya miƙa hannu zai taɓa nata. Ta janye.

Ma’aji ta ce a sauko da rukunin Iyaye gaba ɗaya ta gani. Ya danna. Sunaye suka yi ta gangarowa, ja kan ja. Duk tsofaffi. Wasu sun bayar sau biyu a yini ɗaya. Akwai gurbin da ke ajiye abin da mutane suka rubuto bayan Eh, wanda babu mai karantawa a ofishin. Ma’aji ta karanta kaɗan a zuci, ta daina. Wani yana tambayar ɗansa ko an sallame shi daga asibiti. Wani yana cewa wannan ne na ƙarshe, sai wata ya yi.

Ta tambayi Auta me take so. Ta ce maganar mayar da kuɗi za ta ɗauki lokaci, an riga an buga fosta da su, amma za ta sa hannu da kanta.

“Kuɗi daga baya. Ku kashe saƙon. Yanzu, ina gani.”

A nan ne Injiniya ya fito da makaminsa na ƙarshe, kuma ina so ku lura da shi, domin irin mutanen nan ba su rasa magana mai kama da tausayi.

Ya sassauta murya.

“Auta, ki yi tunani. Rabonki da ganin Baba yana murmushi tun yaushe? Ba sai wayar nan ta yi ƙara ba? Yana tashi da safe yana aski, yana sa riga mai kyau, yana jira. A da kwance yake wuni. Idan na kashe, gobe zai zauna ya jira, jibi ya jira. Zai tambaye ki. Me za ki ce masa? Za ki sake gaya masa Dogo ya mutu?”

Daga waje ana jin matan suna ta godiya a waya.

Gaskiya ya faɗa, abin da ya sa maganar ta yi ciwo ke nan. Baba ya ƙara kuzari a watannin nan. Har likita ya yaba. Auta ta sha gode wa Allah a kan haka, ba ta san abin da take gode wa ba.

Sai Injiniya ya ƙara. Ya ce zai iya cire wajen kuɗin ya bar saƙon kawai. Baba ya ci gaba da samu, ba wanda ya yi asara. Shi zai riƙa rubutawa da kansa, ya san yadda Dogo yake magana fiye da kowa.

Wannan ne ya ɗago da kanta.

“Ka sani kuwa. Shi ya sa.”

“To ki bari in gyara.”

“Ka ɗauki gawarsa, ka dawo ka ɗauki muryarsa. Ba za ka sake magana da bakin yayana ba, ko kyauta.”

“Baba fa?”

“Ubana ne. Ni zan ji da shi. Kashe.”

Ya dubi Ma’aji. Ma’aji ta ce ya ji abin da aka ce, kuma ba lamba ɗaya ba, rukunin duka.

Ya ce idan ya kashe Iyaye, rabin abin da ke shigowa ya tsaya. Shugaban kamfe zai haukace.

Ta ce ya haukace. Sunanta ne a ƙasan rahoton, ba nasa ba.

Ya danna. Kwamfutar ta tambaya ko ya tabbata. Ya sake dannawa. Jan layukan suka koma toka-toka, daga sama har ƙasa.

Ma’aji ta jawo kwamfutar gabanta, ta rufe, ta ɗora hannu a kai. Ta ce ya ajiye katin shiga da makullin mota, motar ta ofis ce. Sannan ta kira lauyan kamfe, ta kira ɗan takara ta sa muryar a fili. Ɗan takara ya saurara, ya yi salati, ya tambaya ko ’yan jarida sun sani. Da aka ce masa ba su sani ba tukuna, sai ya ce shi bai taɓa ganin saƙon nan ba, bai ma san yaron ba, a yi abin da doka ta ce.

Injiniya yana jin wannan ya yi wata ’yar dariya maras sauti. Hotonsa da mutumin yana rataye a falon gidansa, sun rungumi juna.

Auta ta ɗauki wayar Baba da takardar banki. Ya kira ta sau biyu. Ta buɗe ƙofa ta fita. A babban ɗakin wani ya miƙe zai kaɗa ƙararrawa, ya ga fuskarta, ya koma ya zauna.

Ta tarar da Baba a bakin ƙofar maƙwabciya, ya ƙi shiga ciki. Ya yi aski, ya sa farar rigarsa, yana laluben aljihu. Da ya gan ta sai ya miƙa hannu.

“Wayata. Yaron nan zai nema ni.”

Ta ba shi. Ya riƙe ta nesa da ido, ya matso da ita, ya girgiza ta kamar agogon da ya tsaya.

“Bai rubuto ba yau.”

Ta durƙusa a gabansa, ta gyara masa maɓallin da ya sa a ramin da ba nasa ba.

“Ya ce in gaya maka ya samu, Baba. Ya ce ya isa haka, kada ka sake turowa.”

“Ya ce ya isa?”

“Ya isa.”

Tsohon ya sake duban wayar. Sai ya gyaɗa kai.

“Madalla. Dama ba shi da roƙo, sai in ta kama.” Ya sa wayar a aljihu, ya dafa kafaɗarta ya miƙe. “Kin gaya masa ya kula da tarin nan?”

“Na gaya masa.”

Ta kama hannunsa suka tsallaka zuwa gida. Yana shiga falo ya zauna a kujerarsa, ya sake fito da wayar, ya ɗora ta a gwiwa, fuskarta sama.

Injiniya kuwa bai dawo gidan ba. Kafin a tashi aiki ’yan sanda suka hau matakalar nan, suka sauko da shi ta tsakiyar matan da ke kiran waya, hannu a baya. Ofis ya kore shi, ya miƙa kwamfutarsa ga hukuma. Ya ba da lambar mutum huɗu su zo belinsa, babu wanda ya ɗaga. A bayan kantar ’yan sanda ya kwana, kuma Auta ta canja makullin ƙofa.